Karya ta yi nono, ba ta haihu ba

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Cake, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, cikin gundumar Mayahi, da na maƙwabtansu wajen Tasawa, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da dare, shi ke hana dila da ɓarawo kusantar garke, shi ke bin samari farautar zomo da gafiya in an gama girbi. Ladarsa ragowar tuwo da ƙanzo da ruwan dusa. Ba a ɗaure shi, ba a rufe shi. Saboda haka ranar da ƴar karya ta fara neman barbara, tana wata shida zuwa shekara ɗaya da haihuwa, babu wanda zai iya rantsewa an hau ta ko ba a hau ta ba. An dai ga gabanta ya kumbura yana ɗigar jini, an ga karnukan gari sun yi sansani a bayan darni, an yi mako biyu ko uku ana fama da haushi da faɗa, sai komai ya lafa.

Bayan kamar wata biyu sai a neme ta a ƙofar gida a rasa. Yaro ya leƙa ƙarƙashin rumbu ya gan ta: ta tona rami cikin yashi, ta jawo tsumma da karmami, ta naɗe a kan wani tsohon takalmin roba tana lasar shi. Nonuwanta sun cika, in an matsa ruwa-ruwa ya fito, wani lokaci farin nono sosai. An tura mata tuwo ta kau da kai. Yaron da ta saba wasa da shi ya miƙa hannu zai ɗauki takalmin, ta yi masa gurnani. Ya ruga yana cewa, "Baba, ta haihu!" Maigida ya zo ya durƙusa ya haska fitila, babu kwikwiyo ko ɗaya.

Hukunci uku aka saba yankewa a nan. Wasu su ce ta cinye ƴaƴanta, muguwa ce, a rabu da ita. Wasu su ce ɓari ta yi a daji. Waɗanda suka ji gurnanin kuwa su ce hauka ne ya fara shigarta, a ɗauko sanda. Akwai amsa ta huɗu, kuma ita ce ta fi yawan zama gaskiya: tun farko ba ta ɗauki ciki ba. Jikinta ne ya bi duk matakan mai ciki alhali mahaifa wofi take. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan, kuma ba su lissafa shi cikin cututtuka, domin daga yadda aka halicci karya ya samo asali.

Makiyayi ya san akuyarsa. In bunsuru ya hau ta bai kama ba, bayan kwana 21 za ta sake nema, haka saniya, tunkiya kuwa kwana 17. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, bayan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari yakan zama wani ɗan ƙullutu mai zubo sinadarin da ake kira firojestaron, wanda aikinsa riƙe ciki ne. In ba a samu ciki ba, mahaifar akuya sai ta aika da wani sinadarin ya narkar da ƙullutun, zagaye ya koma farko. Mahaifar karya ba ta aika wannan saƙo. Ko an hau ta ko ba a hau ba, ko ya kama ko bai kama ba, ƙullutun zai zauna yana aikinsa kusan wata biyu, kuma jinin mai ciki da na marar ciki kusan adadi ɗaya na firojestaron za a samu. Ga marar cikin ma yakan ɗan fi daɗewa. Idan ya fara sauka, wani sinadari daga ƙasan ƙwaƙwalwa, furolaktin, sai ya tashi. Shi ne mai kawo nono, shi ne kuma mai sa uwa son ɗa da kishinsa. Ga mai ciki, wannan sauka da tashi su ne ƙararrawar haihuwa. Ga marar ciki ƙararrawar takan buga duk da haka, jiki ya amsa, ya kawo nono, ya nemi ɗan da zai ba, in bai samu ba ya rungumi takalmi ko ɓawon duma ko ƴar tsana.

Ke nan kowace karya da ta gama neman barbara tana shiga wannan hali a cikin jininta. Bambancin kawai a wajen bayyana ne. Wata nonon ya ɗan tasa a wuce ba a lura ba, wata ta yi kwanaki ba ta cin abinci tana kuka-kuka tana zagaye gida, wata har cikinta ya ɗan fito. Alamomin sukan zo tsakanin mako 6 da 12 bayan barbara, su tafi da kansu cikin mako biyu zuwa uku. Wadda ta yi sau ɗaya takan maimaita a zagaye na gaba. Ba alamar juya ba ce: karyar da ta yi cikin wofi bana tana iya haifar bakwai baɗi.

Masana halayyar dabbobi suna danganta abin da zaman garke na dangin kare na daji. A garken kyarkeci yawanci mace ɗaya ce ke haihuwa, sauran su taya reno. A tsaunukan Bale na ƙasar Habasha an ga matan kyarkecin can waɗanda ba su da ƴaƴa a raye suna shayar da ƴaƴan babbarsu. In uwa ta fita farauta ko ta mutu, ga nono a ajiye. Bayanin yana shiga hankali, kuma yana da amfani a aikace: karyar da ke cikin wannan hali takan karɓi kwikwiyon da uwarsa ta mutu ta shayar da shi kamar nata. Karnukan Azawak na Abzinawa, dogaye sirara, da basanji na ƙasar Kwango, sun fi kusa da ƴan uwansu na daji ta wani fanni, don sau da yawa sau ɗaya suke nema a shekara. Yawancin karnuka kuwa duk wata shida ko bakwai ne.

Kada a haɗa wannan da abin da masu jar akuyar Maraɗi suka sani, wato akuyar da cikinta ke girma wata da watanni, rana ɗaya ruwa ya ɓalle mata ba ɗa. Ita wannan ruwa ne ya taru a mahaifa don ƙullutun nan ya ƙi narkewa lokacin da ya kamata, matsala ce da ake yi wa allura. Ta karya kuwa tsarin jikinta ne.

To yaya za a bambance? A nan ne ido ke yaudarar mutum, har gogaggen mafarauci. Kumburin nono, kasala, ƙin abinci, tona rami, duk masu ciki da marasa ciki suna yi. A asibitin dabbobi hanya huɗu ce. Likita mai hannu yakan lalubi ciki tsakanin kwana 28 da 35, lokacin da kowane ɗan tayi yake dunƙule shi kaɗai. Bayan nan mahaifa ta cika ta zama ɗaya, laluben ba ya faɗin komai. Na'urar hoton ciki, wadda a Nijar ake ce wa eko, tana nuna bugun zuciya daga wajen kwana 25. Gwajin jini na wani sinadari mai suna rilaksin, wanda mabiyiya ke yi, yana nuna ciki daga ƙarshen mako na huɗu, kuma shi kaɗai ne sinadarin da marar ciki ba ta da shi. Hoton ƙashi kuma sai bayan kwana 45, shi ne ake ƙirga ƴaƴa da shi. Tsinken gwajin ciki na mata da ake saye a kantin magani ba ya aiki ga karya ko kaɗan, domin abin da yake nema a fitsari jikin kare ba ya yin sa. Kuɗin da aka sa a nan an zubar.

Mai kare a Cake ba zai ɗauki karyarsa a mota zuwa Yamai, ko ya tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato ko Zariya, don a haska cikinta ba, kuma babu mai zarginsa. Abin da yake da shi ƙirge ne, kuma ƙirgen ya isa. Cikin karya kwana 63 ne daga fitar ƙwai. In daga ranar hawa aka ƙirga, yakan faɗa tsakanin 58 da 68, saboda maniyyin kare yana iya rayuwa kusan mako guda a jikinta yana jira. Juma'a tara ke nan. A riƙe Juma'ar da aka ga karnuka sun fi matsa mata kuma ta daina korarsu. Daga Juma'a ta biyar cikin gaske yakan fara buɗewa ta bayan haƙarƙari, yana ƙaruwa kowane mako ba tsayawa, cin abincinta ma ya ƙaru. Daga ta bakwai zuwa ta takwas, in tana kwance a gefe cikin natsuwa, a aza tafin hannu a kan cikin ba tare da dannawa ba: za a ji motsi ƙarƙashin fata, ɗan shuri nan, ɗan birgima can, wani lokaci ma ido na gani. Wannan motsi cikin wofi ba ya iya kwaikwayonsa. In Juma'a ta goma ta wuce, ba motsi, ba naƙuda, karya kuma tana yawonta, ba ciki ba ne. Yara su daina matsa cikin da yatsa suna neman ƴaƴa, suna iya yi wa tayin lahani.

Maganar cin ƴaƴa tana da tushe, shi ya sa take da wuyar kankarewa. Karya takan cinye mabiyiya bayan kowane ɗa, takan kuma ci wanda ya zo a mace, kuma ƴar fari da ta firgita tana iya yi wa mai rai rauni. Amma haihuwa ba ta ɓuya. Za a ga jini da wani ruwa kore-kore a makwancinta da jelarta, ciki ya zube lokaci guda, kuma ɗigon yakan ci gaba makonni. Inda makwanci yake a bushe, jela tsaf, babu abin da aka haifa balle a ci. Akwai kuma cikin da ke shiga ya lalace tun wuri, kafin wajen kwana 35, jiki ya shanye shi ba a ga komai a waje ba. Ita ma wannan karyar za ta iya yin nono a kan lokaci.

Cikin wofi mai sauƙi ba ya son magani, ya fi son a ƙyale shi. Babban kuskure shi ne tatsa. Mai tausayi yakan ga nono ya cika ya ce bari in rage mata, ko ya gasa da ruwan ɗumi, alhali duk taɓawa cewa take yi wa jiki akwai mai sha, a ƙaro. Lasar da take yi wa kanta ma haka; tsohuwar riga da aka sa mata aka ɗaure ta baya takan hana. A ɗauke takalmin da tsumman lokacin da ta fita, ba a gabanta ba. A ja ta zuwa gona ko kiwo ta gaji. Ana iya ɗan rage abinci kwana biyu, amma ruwa kada a hana ta, ko da wani ya ba da wannan shawara: a zafin bazarar Mayahi ƙishirwa ta fi nonon haɗari nesa ba kusa ba. In abin ya wuce mako uku ko ya yi tsanani, akwai magani mai suna kabagolin, wanda ake sayarwa da sunan Galastop, ana ba da shi kwana 5 zuwa 7 yana danne furolaktin. Na likita ne, kuma sai an tabbata ba ciki, domin yana zubar da na gaske. Nono ɗaya da ya yi tauri, ya yi zafi, ya canza launi, yana fid da mugunya, wannan ciwon hantsa ne, yana bukatar likitan bisashe.

Abin da ya fi tsorata ni a wannan tsakani shi ne ruɓar mahaifa, domin a lokaci ɗaya take zuwa da cikin wofi, kuma tana sa ciki ya kumbura har a yi ta murna. Wata biyun nan da firojestaron ke aiki, bakin mahaifa a rufe yake, bangonta ya yi kauri, ƙwayoyin cuta in sun shiga sun samu wurin zama. Mahaifa sai ta cika da mugunya. Alamarta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, amai, kwanciya, wani lokaci ruwa mai wari daga gaba, wani lokaci kuma babu ɗigon komai, wanda shi ne mafi muni. Mai cikin wofi tana da ƙarfinta, idonta garau. Mai ruɓar mahaifa marar lafiya ce, kowa ya gan ta ya sani. In ba a yi mata aiki an cire mahaifar ba, yawanci mutuwa take yi. A Suwidin, inda ake yi wa karnuka inshora ana rubuta ciwonsu, binciken da aka buga a 2001 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ba a cire wa mahaifa ba suna kamuwa kafin shekara 10. Ta fi kama manya, amma akwai hanyar da ke jawo ta ga ƙarama: allurar tazarar haihuwa ta mata, irin ta wata uku, da wasu ke yi wa karya don kada ta tara musu ƴaƴa. Allurar nan dangin firojestaron ce, wato ƙari a kan abin da ya riga ya yi yawa, tana kawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ake saye a tebur ranar kasuwa, irin ibufurofen da dikulofenak, suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa.

Jinin neman barbara da ya ƙi tsayawa bayan mako uku ma a duba shi. Akwai wata tsoka mai saurin jini da ke fitowa a gaban kare, mace da namiji, ana ɗaukarta ta barbara, kuma ta yaɗu sosai a duk inda karnuka ke yawo sake. Sankara ce mai yaɗuwa, amma tana daga cikin masu jin magani: allurar binkiristin mako-mako takan narkar da ita.

In kuma cikin na gaske ne, ƴar fari a nema na farko yarinya ce da ba ta gama girma ba, ƙashinta na ginuwa tana gina na wasu. Shi ya sa masu kiwon karnuka ke jira sai nema na biyu ko na uku. Inda aikin gama ya gama, abin yi abinci ne. A makonni uku na ƙarshe da lokacin shayarwa ruwan dusa ba ya riƙe ta. Tana bukatar abin da ya fito daga dabba, kayan ciki daga mahauta, kan kifi, ƙwai, ɗan nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa tunda ƴaƴa sun matse tumbi. Ranar haihuwa a ba ta wuri mai inuwa, yara su ja baya. A nemi taimako in ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko awa uku zuwa huɗu sun wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali da saura, ko koren ruwa ya zubo kafin ɗan farko. Allurar naƙuda a hannun wanda bai san ko ɗa ya gicciye ba tana iya fasa mahaifa. Kuma in ƴaƴan sun fito kala-kala kada a yi mamaki, haihuwa ɗaya tana iya haɗa uba biyu ko uku.

Sai batun hauka, wanda ba a wasa da shi ta kowane ɓangare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara ƴan ƙasa da shekara 15. Wanda ya ɗauko sanda ba wawa ba ne, tsoronsa na kan hanya. Amma halin biyu sun bambanta. Mai cikin wofi makwancinta take karewa; in ta fito daga ƙarƙashin rumbu ta san mutanen gidanta, tana shan ruwa, tana kaɗa jela, kuma kullum sauƙi take samu. Mahaukacin kare yana barin gida, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta, muryarsa ta canza, yawu na zuba, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su mutu, kuma cikin kwana 10 da bayyanar alamu ya mutu. Duk da haka, in ta ciji yaro kada a ce ai nono ne ya sa ta, a zauna. A wanke ciwon da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi likita ranar, ita kuma a ɗaure ta a inuwa da ruwa da abinci a sa mata ido. Ƙa'idar Hukumar kwana 10 ce, ƙasashe masu bin tsarin Faransa sukan kai 15. Kashe ta nan take yana ɓatar da shaidar da za ta nuna ko yaron na cikin haɗari.

Ina jin zafin yadda ake saurin yanke wa dabbar nan hukunci, musamman a ƙasar Malikiyya, mazhabar da ta ɗauki kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma malamai suka halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gona. Waƙidi ya kawo a littafinsa na yaƙoƙin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa a hanyar buɗe Makka an iske wata karya tana shayar da ƴaƴanta a gefen hanya, sai ya sa wani sahabi ya tsaya kusa da ita don kada runduna ta dame ta. Wanda ya ajiye karya tana yi masa gadi, haƙƙinta na kansa ranar da jikinta ya ruɗe ta.

Aikin likitan dabbobi a Nijar, bisa dalili, a kan shanu da awaki da tumaki da raƙuma aka gina shi. Rigakafin kyauta na kowace shekara nasu ne, ɗakin gwaji na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai, likitoci da yawa kuma a makarantar Dakar da aka kafa a 1968 suka yi karatu. Tsarin likitoci masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda ya yi ƙarfi a yankin Dakoro, ya horar da mataimaka a ƙauyuka masu yin allura da ba da maganin tsutsa. Waɗannan mataimaka su ne za a fara tambaya in karya ta shige ƙarƙashin rumbu, kuma darasin yini ɗaya ya ishe su su san ƙirgen Juma'a tara, alamun ruɓar mahaifa, da haɗarin allurar wata uku. Wanda ba ya son ƴaƴa, hanya mafi arha ita ce ya tsare karyarsa mako ukun nan a ɗakin da ke rufuwa, ba a bayan darnin kara ba. Mai halin kai ta a cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai ya huta da cikin wofi da ruɓar mahaifa gaba ɗaya, sai dai ya lura da lokaci. In aka yi aikin cikin wata biyun da ke bin barbara, firojestaron zai faɗi rana ɗaya, furolaktin ya tashi, nonon da ake gudu ya zo, kuma yana iya daɗewa fiye da na da. Likitoci sukan jira kamar wata uku bayan nema, nono ya ƙafe sarai, sannan su sa wuƙa.